Haƙorin Zuƙau

Wata bakwai na yi ina zana shi
a ɗan ɗakina, bayan Kasuwar Dole,
da tsohuwar kwamfuta mai tari kamar akuya.
In wuta ta ɗauke, ya mutu.
In ta dawo, in tashe shi daga ƙafa.

Zuƙau ke nan, mai shan jinin yara,
wanda kakata Ya Gaji ta ajiye mana
a kududdufin gindin duwatsun Birni
tun muna tsere ba wando.
Ta ce tsayinsa ya kai giginya,
harshensa igiyar guga,
in ya kama yaro sai dai a tsinci fata
kamar salkar da aka manta a rana.

Ni kuwa na ba shi tumbi.
Na ba shi haƙori biyu, ɗaya na girgiɗi,
da silifas, kowane wari da launinsa.
Mutari mai gyaran rediyo ya ara masa murya,
muryar ɗan tauri da mura ta kama.

A fim ɗin ya fito farauta da dare
ya tarar sauro sun riga shi,
sun sha, sun yi gyatsa,
har suna tambayarsa takardar izini.
Ya ciji wani tsoho, haƙori ya maƙale a laya.
Ya bi layin famfo kwana uku da jarka,
ya ce garin da ruwa ke wuya, ina batun jini?
Ƙarshe ya lallaɓa asibiti zai yi sata,
malamar jinya ta riƙe hannunsa, sannu da taimako,
ta ɗebi leda guda a jikinsa,
ta sallame shi da biskit.

Ranar nunawa muka rataya zanin gado a bango.
Yaran unguwa suka cika tsakar gida.
Dariya ta kayar da Habsu daga kan turmi.
Ya Gaji na tabarma, carbi a hannu,
ta dara sau ɗaya, a wurin layar nan,
sannan ta rufe baki da gefen mayafi.

Da aka watse ta kira ni.
Ta ce, kunnuwan ba haka suke ba.
Na ce, kin taɓa ganinsa ne?
Ta ce, dodo ne na da, yana yawo a tatsuniya
ba gida ba gari. Ni na ba shi masauki,
yaya ba zan san kunnensa ba?

Shekarar da damina ta cika ramin nan
ƙanena Kiyari ya tafi kamun kwaɗi.
Rigarsa aka samu a kan dutse, a ninke.
Daga ranar na ɗaukar wa ruwan mai gadi.
Shekara sittin yana aiki ba albashi,
ɗa ko ɗaya na gidan nan bai jiƙa ƙafa a can ba.
Yau ka sa masa silifas.

Ban ce komai ba.
Ta bayan katanga ina jin su suna tafiya gida,
wani na jan ƙafa irin tasa,
wani na cewa gobe mu je mu gaishe da Zuƙau,
mu kai masa biskit.

Hadari na haɗowa ta wajen Mirya.
Na koma ɗaki, na kunna akuyata,
na buɗe bakinsa har ya cika allo.
Na daɗe ina kallon haƙorin nan mai girgiɗi,
hannuna a kan linzami,
ban san ko in cire shi ba
ko in wasa shi.